Guba ba za ta raba lambun gari da kyanwoyi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da na san wasu za su ce bai kai a ɓata takarda a kansa ba. Maganar kyanwoyi ce marasa gida, waɗanda suka cika wani lambun shaƙatawa a nan Damagaram, inda mu tsofaffi muke zuwa shan iska bayan la'asar, matasa kuma su kafa fadarsu da dare. Na san garin da mata ke bin layin famfo tun kafin asuba yana da damuwar da ta fi wannan. Amma kwanan nan wani ya zuba guba a lambun, kuma ina jin ana ta cewa a maimaita har sai an ƙarar da su. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ni tsohon ma'aikacin kiwo ne. A Kollo na yi karatu, na ƙare ƙuruciyata ina bin garke da allura tsakanin Tanut da Gure da Magarya, har na yi ritaya na dawo gida Birni. Shanu da raƙuma da awaki na sani, kyanwa kuwa sai daga baya na waiwaye ta. Sai dai duk wanda ya daɗe yana ƙidayar dabbobi ya san cewa abinci da ruwan wuri su ke yanke yawan dabbar da za ta zauna a wurin. Makiyayi ya san haka a bakin rijiya, kuma haka abin yake ga kyanwa a tsakiyar gari.

To ga yadda lambun yake. Akwai inuwar dogon yaro, akwai kujerun siminti, akwai famfo guda da ake ban ruwan shuke-shuke da shi, wanda ko an rufe shi yana ɗiga duk ranar da ruwa ya zo. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wannan ɗan dausayin da ke gindin famfon shi ne ruwan da kyanwa za ta samu a duk kewayen ba tare da an jefe ta ba. A bakin ƙofa akwai mai tsire, da mai suyar kifi, da mai shayi da ƙwai. Bayan katanga kuma akwai juji, nan kowa ke juye kan kifi da hanjin kaji da ƙashi da ragowar shinkafa idan an tashi da dare. Sannan ga duwatsun nan namu na Damagaram, manya-manya, masu kogo da tsaguwa da hannun yaro ba ya kai wa ƙarshensu. Ruwa ga shi, abinci kullum, wurin haihuwa kyauta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Washegarin ranar da aka zuba gubar, mai ban ruwan lambun ya aiko yaro ya kira ni. Yana ganina ya ce, "Baba likita, zo ka ga abin da aka yi." Wata kyanwa ce mai toka-toka kwance a ƙarƙashin kujera, kumfa a bakinta, ƙafafunta na baya suna harbin iska, ta yi kashi a jikinta, idonta a buɗe tana kallonmu. Na duba cikinta na ga nonuwa a cike, na ce masa tana da 'ya'ya a kusa. Muka bi kuka har tsaguwar dutse, muka tarar da su ko ido ba su buɗe ba, wato ba su kai mako biyu da haihuwa ba. Babu abin da nake da shi a aljihu da zai ceci uwar. Ta daɗe tana wannan shure-shure kafin rai ya fita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ledar da aka sa gubar: shinkafa ce da miya da ɗan nama, an ajiye ta a gefen hanyar da almajirai ke bi da safe da kwanonsu. Ina roƙon duk mai shirin maimaitawa ya tsaya a kan wannan ledar ya yi tunani.

Ba zan ambaci wanda ake zargi ba, kuma ba na cewa kukansa ƙarya ne. Mai nama da ya juya baya aka ɗauke masa tsoka daga kan tebur, asara ya yi. Matar da ke kiwon 'yan tsaki a bayan katangar, ana muzuru ana shaho ta samu suka girma, tana da hakkin ta yi fushi. Mai tattabaru ma haka. Muzurai suna faɗa da tsakar dare su hana mutane barci, fitsarinsu kuma kowa ya san warinsa. Ni ma na yarda a rage su. A kan hanyar ragewar ce muka saɓa, domin guba da ake ganin ita ce gajeriyar hanya ba ta kai mutum inda yake so.

Bari in yi lissafin a fili. Kyanwa tana ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65 ne kawai. 'Yar da aka haifa yau tana iya ɗaukar nata cikin tana da wata 5 ko 6, wata ma tun tana wata 4. A shekara uwa ɗaya tana iya haihuwa sau 2 ko 3, kowace haihuwa 'ya'ya 3 zuwa 5, kuma tana iya sake ɗaukar ciki tun ba ta gama yaye na baya ba. Abin da ya sa ba su cika garin baki ɗaya ba shi ne mutuwa. Wani bincike da aka yi a Amurka ya gano cewa uku cikin huɗu na 'ya'yan kyanwar titi ba sa kai wata 6. Yunwa da cuta da karnuka da taya su ke cinye su. To idan ka kashe manya ka bar jujin yadda yake, me ka yi? Ka rage masu cin abincin, abincin yana nan. 'Ya'yan waɗanda suka tsira, da a da yunwa za ta kashe, yanzu sai su rayu. Kyanwoyin unguwannin maƙwabta, da muzuran lambun ke kora, yanzu sai su sami ƙofa a buɗe. Kamar mai kwashe ruwa ne a gindin famfon da bai rufe ba.

An gwada wannan an auna. A tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, masu bincike sun yi wata 13 suna kama kyanwoyin daji suna kashewa a wasu wurare biyu, da zaton za su ragu. Da suka ƙidaya sai suka tarar sun ƙaru, a wuri ɗaya da kashi 75 cikin 100, a ɗayan kuma sun ninka har sau uku, saboda baƙi da suka kwararo suka maye gurbin waɗanda aka kashe. Waɗannan mutane ne masu kuɗi da kayan aiki. Mu da leda da maganin ɓera muke sa ran mu fi su?

Ita guba kuma ba ta tambayar sunan wanda ya ci ta. Kaza ta ci, akuyar maƙwabci ta ci, karen mai gadi ya ci, gawar kuma ta zama guba ga duk abin da ya ci ta. Tsofaffi irina suna tuna yadda angulu ke cika mahauta da bakin kasuwa a garin nan, har sai an kore su da sanda. Yau yaro zai girma bai ga ko ɗaya a kan katanga ba. Tun 2015 aka sa irin angulun nan namu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba tana cikin manyan dalilai, tare da masu farautarsu don tsibbu. Su ne masu sharar mushe da ba a biyansu albashi.

Akwai kuma masu tausayi rabi-rabi, waɗanda ke cewa kada a kashe, a cusa su a buhu a ɗora a kabu-kabu a kai su hanyar Mirriya ko ta Tanut a sake. Wannan ma kisa ne, sai dai ba a gaban idonka ba. Kyanwar da ta saba da juji ba ta san inda ruwa yake a daji ba. In ta mutu da ƙishirwa, alhakinta na wuyanka. In ta rayu, kajin wani talaka da zabinsa a ƙauye za ta koma wa, ka ɗauki matsalarka ka aza wa wanda bai ji ba bai gani ba. Gurbinta a lambun kuma kafin wata ya zagayo an cike shi.

Hanyar da aka ga tana aiki a wasu ƙasashe ita ce a kama su da tarkon keji, likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa, a yi musu allurar rigakafin haukan kare, a yi musu alama a kunne, sannan a mayar da su daidai inda aka kamo su. Mayarwar nan ita ce mutane ke kasa haɗiyewa. Wani matashi a fada ya ce mini, "Haba Baba, mu sha wahalar kama ta kuma mu dawo da ita?" Na ce masa ai ita ce mai gadinka. Kyanwa dabba ce mai tsare yankinta. Wadda aka yi wa aiki tana nan tana cin abincin da baƙuwa za ta zo ci, ba ta kuma haihuwa. Muzurun da aka fiɗiye yana rage faɗa da yawon dare, warin fitsarinsa ma yana raguwa sosai. A hankali tsufa ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sababbi sun maye gurbin ba.

A wata jami'a a jihar Fulorida ta Amurka an bi wannan hanya shekara 11, kuma a shekarun ƙarshe na aikin kyanwoyin harabar sun sauko daga 68 a 1996 zuwa 23 a 2002. Amma a lura da abin da ke ciki: kusan rabin duk waɗanda suka bi ta hannunsu gidaje aka samar musu, mutane suka ɗauka suka riƙe. A Italiya tun 1991 doka ta hana kashe kyanwoyin titi, ta ce a yi musu aiki a mayar da su. Turkiyya ta yi irin wannan doka a 2004, duk wanda ya je Istanbul kuma ya ga yadda suke kwance a ƙofar masallatai da shaguna. A Faransa doka ta ba magajin gari ikon sa a kama kyanwoyin da ba su da mai su, a yi musu aiki, a yi musu shaida, a sake su a wurinsu. Sai dai a birnin Rum na Italiya an ga iyakar abin: bayan shekara 10 raguwar ba ta wuce kashi 16 zuwa 32 cikin 100 ba, domin mutane sun ci gaba da kawo nasu na gida suna yarwa a wuraren. Wannan darasin ya fi kowanne shafarmu, tunda a nan ma duk wanda kyanwarsa ta haihu ya rasa yadda zai yi, kwali yake nema ya kai lambun da dare.

Game da aikin kansa, akwai abin da nake so 'yan'uwana ma'aikatan kiwo su ji. Fiɗiyar muzuru aiki ne na 'yan mintoci, amma da allurar barci ake yi, da wuƙar tiyata mai tsabta. Ƙarfen dandaƙar da muke matse bijimi da rago da shi ba na kyanwa ba ne, kada wani ya gwada. Kuma kada a ruɗi kai da muzurai don aikinsu ya fi sauƙi da araha. In ka fiɗiye tara ka bar ɗaya, wannan ɗayan ya ishi duk matan lambun. Matan su ne lissafin, nasu aikin kuwa buɗe ciki ne a cire ƙwai da mahaifa, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa, tunda ba wanda zai sake kamo ta don cire zare. Wannan aikin cikakken likita ne, irin waɗanda suka fito daga makarantar likitocin dabbobi ta Dakar. Sai an hana dabbar abinci tun daren jiya, a bar ta cikin kejin a inuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki. Lokacin sanyi ya fi dacewa da wannan, Disamba da Janairu, ƙuda sun yi sauƙi, zafi ba ya galabaitar da wadda ke farfaɗowa daga allura. Masana kuma sun ce sai an kai aƙalla bakwai cikin goma na kyanwoyin wuri kafin a fara ganin raguwa. Yin uku a ɗauki hoto a sa a Facebook ɓata allura ne. Gara a kama lambu ɗaya a gama shi kafin a waiwayi wani.

Kejin ba sai an yi odarsa daga waje ba. Kowane mai walda a Sabon Gari zai haɗa shi da ragar ƙarfe: akwati mai tsawo, ƙofa mai faɗowa, da ɗan faranti a ciki wanda in ta taka ƙofar ta rufe. Ana sa kan kifi a can ƙurya. Da ƙofa ta faɗa sai a yi maza a lulluɓe kejin da tsohon zane, domin kyanwar da ta ga haske za ta yi ta dukan raga har ta fasa hanci, amma da duhu ya rufe ta sai ta lafa. Kada a bar keji a rana, kada a bar shi ba mai tsaro, kada kuma a sa hannu ciki ko da ta yi kama da mai haƙuri. Ƙwayoyin hana haihuwa da wasu ke sayowa su cusa a abinci kuwa ban ba da shawararsu ba. Ba ka san wadda ta ci da wadda ba ta ci ba, kuma in aka daɗe ana ba su suna jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono.

Na san inda malamai za su tsayar da ni, kuma suna da gaskiyar tambaya. Alamar da ake yi ita ce a yanke ɗan tsinin kunnen hagu, kamar santimita ɗaya, tana cikin barcin allura, don a gane ta daga nesa kada a sake kamo ta a buɗe cikinta a banza. Wani zai karanto aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alkawarin sa mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi su canza halittar Allah. Ni ba malami ba ne, amma abin da na karanta a zaure shi ne ayar tana magana a kan al'adar Jahiliyya ta keɓe dabba ga gumaka. Ya kuma zo a hadisin Anas cewa ya tarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yi wa tumaki alama, mai ruwayar ya ce yana zaton a kunnuwa ne. Mu ma a kamfen rigakafin awaki da tumaki a kunne ake yin shaida. A Risala, wadda kowane ɗalibin zaure ya bi ta kanta, an ce babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an hana a dawaki. Daga malaman wannan zamani kuma Shaihu Ibn Usaimin ya ce in kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa, aikin kuma ba zai cutar da su ba, babu laifi, ya fi a kashe su bayan an halicce su. Ina so malamanmu na Birni da Zango da Garin Malam su duba su faɗa mana matsayarsu a mumbari.

Wanda ba ya buƙatar dogon bincike shi ne hukuncin azabtarwa. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. A Muwaɗɗa akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Annabi ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya a tsakaninku. Masu tarihi sun rubuta cewa Sarki Baibars na Masar, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin lambu guda a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Don haka in wani ya ce mini wannan tausayin na Nasara ne, ban san littafin da ya karanta ba. Jifan baƙar kyanwa da yara ke yi wai aljana ce ko mayya, mu manya muka koya musu, mu ne kuma za mu hana.

Yanzu gaskiyar halin da muke ciki. Likitocinmu kaɗan ne, aikin garke ya sha musu kai, allurar barci da zaren ɗinki kuɗi ne, kuma babu wanda zai ce a ɗebi kuɗin rigakafin shanu a kai wa kyanwa. Shi ya sa a ganina, a Damagaram tiyata ce ta biyu. Na farko shi ne juji. In masu sana'ar bakin ƙofa suka haɗa kuɗi suka sayi rabin duro mai murfi, kowa ya juye ragowarsa ciki, mai amalanke ya kwashe da safe, an rufe babbar ƙofar da ke kiran baƙi. Amma kada a yanke abincin dare ɗaya, don yunwa za ta tura su gidajen mutane da akurkin kaji, a koma gidan jiya. A ware kusurwa guda nesa da kujeru, mutum ɗaya ya riƙa ajiye musu abin da za su cinye cikin rabin awa a lokaci guda kullum, ya kwashe saura, ya bar musu ruwa a kasko. Masu tausayin da ke watsa abinci ko'ina a lambun don neman lada, ina ba su haƙuri, su ma suna cikin masu hura wutar. Ciyarwa a wuri ɗaya ita ke ba ka damar ƙidaya su, ka san mai ciki, ka gane baƙuwa ranar da ta zo, kuma nan za ka kafa kejinka.

Sai 'ya'yan, inda muka fi Turawa sa'a. Mu muna da aikin da za mu ba kyanwa. Duk mai shagon hatsi a Kasuwar Dole, duk mai sito na gero da wake, duk dukawan da ɓera ke ci wa fata, duk uwargidan da ke da rumbu, suna buƙatar ta. Ɗan kyanwa yana sabawa da mutum ne tsakanin mako 2 zuwa 7 na rayuwarsa. In aka riƙa taɓa shi a wannan tsakanin, aka raba shi da uwar yana kamar wata 2, ya zama na gida har abada. In ya wuce wata 3 ko 4 bai san hannu ba, da wuya ya saba. Babbar da ta girma a dutse kuwa kada a wahalar da kai, ba za ta zauna a ɗaki ba. Da yawa daga 'ya'yan za ka same su ido ya manne da kwantsa, hanci na zuba. Auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a goge a hankali safe da yamma, a kai wa ma'aikacin kiwo ya duba. Kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan, kashe ta yake yi. Ba na kuma yi wa mai shago alkawarin za ta kama masa gafiya, ƙananan ɓeraye ne abincinta, amma su ne masu huda buhu.

Abu na ƙarshe da ya sa hukumar lafiya ma take da ruwa a maganar nan shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne. Amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza tana ɗauka, tana kuma iya sa wa mutum. Allurar da ake yi wa kare ita ake yi mata. Duk wanda kyanwar titi ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi gidan likita a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko barkono, kada ya jira ya ga alama, domin in alama ta bayyana babu magani. In an san dabbar, a sa mata ido kwana 10 maimakon a kashe ta a jefar, amma kada jiran ya hana fara allura. Wadda ta canza hali, tana dalalar da miyau, tana afka wa mutane ko ƙafafunta sun shanye, a nisance ta a kira ma'aikatan kiwo. Irin wannan, da wadda mota ta karya wa baya ko cuta ta cinye, likita ya sauƙaƙe mata da allura. Ban ce kada a taɓa kashe ko ɗaya ba.

Ga hukumomin birni, ba kuɗi mai yawa nake roƙo ba. Sanarwa a rediyo cewa zuba guba a wurin taruwar jama'a laifi ne, izinin kafa keji a lambun, da ɗaki ɗaya mai inuwa na 'yan kwanaki. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ana iya soma rigakafin daga nan, tiyata ta biyo baya da sanyi. Matasan fadar lambun, waɗanda suke nan har tsakar dare suna dafa shayi, sun fi kowa sanin wace kyanwa ce ke fitowa daga wane dutse, sun kuma ce za su riƙe littafin ƙidaya su tsare keji. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke zuwa karatu a inuwar lambun za su iya taya su. Ni zan koya musu kamu da riƙo, hannuna bai manta ba.

Abin da ya rage shi ne likita. Ina roƙon likitocin dabbobi na jihar Damagaram, na gwamnati da masu zaman kansu, wani daga cikinsu ya amsa a wannan shafi: nawa ne kuɗin aikin mace ɗaya in an kawo su da yawa a rana guda, kuma mace nawa zai iya yi wa a yini? In muka ji adadin, mu da masu sana'ar bakin ƙofa za mu san jikka nawa za mu tara kafin sanyi ya shigo.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin kiwo,
Unguwar Birni, Damagaram